Waɗanda Ba Su Iya Ruwa Ba Nake Ɗauka

Ba zan faɗi sunana ba, kuma ba kunya ce ta hana ni ba. Kunyar da zan ji na riga na ji ta a gaban alƙali, na kuma ji ta a wurin wadda ta fi alƙali hakki a kaina. Na ɓoye shi ne don ina da 'yan'uwa da har yanzu suke neman abinci a Jidda, mutanen da zan yi magana a kansu kuwa suna da dogon hannu. Ku samari masu mafarkin ƙetare, da ku nake. Ku saurara har ƙarshe, in na gama mai zagi ya zaga.

Ni ɗan tela ne. A shagon babana na taso, ina ɗinka maɓalli ina guga, ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Na yi allo, na yi boko har sakandare, kuma Allah ya ba ni saurin kama yare. Mahaifiyata 'yar Maraɗi ce, a wurin kawunnaina na tsinci Faransanci, Turanci kuma a makaranta. Da babana ya rasu shagon ya mutu, sai na sayar da keken ɗinkin, na haɗa da ɗan gadona na tafi umra da niyyar ba zan dawo ba. Haka mutane da yawa suke yi, ba wanda yake kallon abin a matsayin laifi.

Wanda ya karɓe ni a Jidda Isuhu ne. Ba danginmu ɗaya ba, ba garinmu ɗaya ba. A bakin wani masallaci a unguwar Bani Malik ya gan ni zaune na rungume jaka, ya tambaye ni ko na ci abinci. Mutumin wani ƙauye ne a yankin Kazaure, dogo, mai sanyin magana, sana'arsa wankin mota a titi da bokiti da tsumma. Ɗaki biyu gare shi a saman wani tsohon gini, shi da matarsa Uwani da 'yarsu guda. Ya shimfiɗa mini katifa a lungun da suke ajiye kaya. Uwani waina take yi tana sayarwa a ƙofar gida, kuma tun ranar farko ta mai da ni ƙanin miji. Ta tsokane ni ta ce na cika ci, sannan ta ƙara mini waina. Yaya nake ce da su duka biyun. Duk abin da za ku ji nan gaba, waɗannan mutanen na yi wa.

Isuhu ne ma ya samo mini aiki. Akwai wani kamfani mai shigo da daskararren kifi, yana da ƙaton sito mai sanyi can wajen tashar jiragen ruwa, talaja ake ce masa. Ba ni da iƙama, wato takardar zama, don haka a hannu ake biyana, sunana ba ya ko'ina. Ina dakon kwalaye, yatsuna suna tsagewa don sanyi a garin da zafi ke narka kwalta.

Laifina na farko ƙarami ne har ban san laifi ba ne. Wata rana mai kula da mu ya miƙo mini damin takardun da ake liƙa wa kwali, ya ce in ɓare na jiki in liƙa waɗannan. Kifin daga ruwan wata ƙasa aka kamo shi, sabuwar takardar kuwa sunan wata ƙasar ne a jiki. Na ce a raina, takarda ce kawai, kifi dai kifi ne. Da yamma aka ba ni kwali guda in kai gida. Uwani ta yi mana miyar kifi, muka ci muna sa wa kamfani albarka. Daga nan duk ranar liƙi ni ake kira, don hannuna yana da sauri kuma bakina ba ya tambaya.

Wata rana manajan kamfanin, Mudir muke ce masa, ya ji ina Faransanci da wani ɗan dako. Ya kira ni ofis, ya tambaye ni yare nawa nake ji. Na lissafa masa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Shi ke nan, ka bar dako. Gobe ka zo da farar jallabiya.”

A nan na ga yadda ake sayen teku. Ku kuna zaton da jakar kuɗi ake zuwa a ajiye a ƙarƙashin tebur. Wannan tsohon yayi ne. Mu da umra muke saye. Kamfanin yana da manyan jiragen kamun kifi masu jan taru a ruwan wasu ƙasashen Afirka matalauta, kuma kowace ƙasa tana da jami'in da ke ba da lasisi. Sai a aika masa da gayyata, shi da matarsa da uwarsa, kujerar gaba a jirgi, otal mai kallon Ka'aba, goman ƙarshe na azumi in ya fi so. Wane ne zai ce an ba shi cin hanci? Ɗakin Allah aka kai shi. Aikina in tarbe su a filin jirgi, in kai su Makka, in riƙe musu takalmi, in raka matan kasuwar zinariya, in yi tafinta.

Wanda ya fi zama mini a rai shi ne wani daraktan kamun kifi. Ba zan faɗi ƙasarsa ba, talakawanta ba su yi mini komai ba. Na ga mutumin nan yana kuka a ɗawafi, hawaye sosai, har ya ba ni tausayi. Muka koma otal, ko haraminsa bai cire ba, ga Mudir yana jira da farantin dabino. Ni ne a tsakiya, wannan ya faɗa da Larabci in juya, wancan ya faɗa da Faransanci in juya. Lasisin jirgi ɗaya za a biya, jirage da yawa za su yi aiki da shi. Ruwan kusa da gaɓa, wanda doka ta ware wa masunta masu kwalekwale, za a bar mu mu shiga. Jirgin sintirin gwamnati zai rasa mai a ranakun da muke ciki. Ɗan sa-idon da gwamnati ke ɗorawa a kowane jirgi za a ba shi ɗaki mai sanyi da talabijin, ya huta.

Mudir ya tambaye shi, masu kwalekwalen fa, in suka yi ƙara? Darakta ya zare ƙwallon dabino daga bakinsa ya ce, “Wurina za su kawo ƙarar.” Suka yi dariya, ni ma na yi. Sai aka kira salla, muka sauka tare muka bi sahu.

Rayuwata ta canza. Na kama ɗaki a unguwar Sharafiyya mai na'urar sanyi, ina sa turare mai tsada, a Bani Malik an fara ce mini Alhaji. Mudir kullum yana cewa kamfani zai zama kafilina, wato mai tsaya mini a hukuma, a yi mini iƙama, wata mai zuwa, bayan Hajji, bayan azumi. Ni wawa ina jira. Ban gane ba amfanina a wurinsu shi ne babu ni a takarda.

Sai maganar ma'aikata ta taso. Jiragen nan ba sa zuwa tasha, a tsakiyar ruwa suke shekara da shekaru. Wani jirgin dako ne yake kai musu mai da abinci, ya kwaso kifi. Aikin ba barci, ba hutu, albashi sai alkawari. Matsalar kamfani ita ce ma'aikatan da suke ɗauka 'yan bakin teku ne, duk ranar da jirgi ya matsa kusa da gaɓa sai a wayi gari wasu sun faɗa ruwa sun yi iyo sun tsere. Mudir ya kira ni ya ce, “Mutanenku na tudu ne, ko? An ce akwai wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi rijiya ba.” Na ce haka ne. Ya ce, “Su nake so. Wanda ya iya ruwa kada ka kawo mini shi.”

To ga yadda nake yi. In mutum ya zo neman aikin, in zaunar da shi in ba shi shayi, in gaya masa shekara ɗaya ce, biya da dala, in an gama a sauke shi a tasha kusa da gida. Ba sai ya bi ta tarhil ba, inda ake tara marasa takarda a ɗauki hoton yatsunsu a kora su, a hana su dawowa. Sannan in gyara zama, in tambaye shi kamar sharaɗin aikin ne: “Ka iya ruwa?” Masu wayo suna jin aikin jirgi ne sai su bugi ƙirji, wai a kogi aka haife su, alhali ko kududdufi ba su sani ba. Waɗannan in ce musu sai zagaye na gaba. Ƙaryarsu ta cece su, har suna fita suna zagina. Mai gaskiya kuwa, wanda zai sunkuyar da kai ya ce wallahi bai iya ba, shi nake ɗauka. A cikin mutanenmu masu tsoron Allah na riƙa tsinta.

Kada in yi muku ƙarya in ce ban san abin da ke faruwa da su ba. Na sani. Ban ga ko ɗaya ya dawo ba, ban ji ko ɗaya ya bugo waya ba, kuma ban tambaya ba.

Shekarar da kamen marasa takarda ya yi tsanani, wankin mota ya gagara. An kwashe wa Isuhu bokitai sau da yawa, ya yi gudu har gwiwarsa ta kumbura. Wata rana da la'asar na ji sallama a ƙofar ɗakina, na buɗe sai ga shi. Ya cire takalminsa tun daga waje, ya zauna a ƙasa, a ɗakin yaron da ya kwana a lungun kayansa.

Ya ce, “Ƙanina, an ce kana ɗaukar mutane aikin jirgi.”

Na ce, “Yaya, aikin nan ba naka ba ne. Akwai wahala.”

“Ta fi gudu da bokiti a shekaruna? Yarinyar nan tana girma, ina so in koma gida da abin da zan rufa mata asiri.”

Bakin nan nawa da ya saba, shi ya yi tambayar da kansa. Na ce, “Ka iya ruwa?”

Ya yi dariya ya ce, “Ni? Tafkin garinmu ma bai taɓa wuce mini gwiwa ba. In sai an iya, to ba rabona.” Ya miƙe ya nufi takalminsa.

Shiru kawai ake so in yi. Ba ƙarya zan yi ba, ba gaskiya zan faɗa ba, in bar shi ya sa takalminsa ya koma wurin matarsa. Amma jirgin dako yana shirin tashi, mutum ɗaya ya rage mini, kuma da safen nan Mudir ya yi mini ihu a gaban mutane. Na ce, “Zauna, Yaya. Ba komai, za a koya maka.”

Ranar tafiya Uwani ta haɗa masa yaji da dambun nama da ƙuli-ƙuli. Ta rako shi har bakin mota, ta dube ni ta ce, “Ƙanin miji, amana na ba ka. In ya rame kai zan kama.” Na yi dariya na ce zai dawo da tumbi. Muka kai shi da sauran da na ɗauka wani bakin ruwa can kudu da gari inda ƙaramin jirgi ke ɗaukarsu ya kai su ga babban. Isuhu ya shiga ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu, ko ɗaga mini hannu bai iya yi ba.

Bayan wasu watanni Mudir ya kira ni, ya ce in rufe ƙofa. Ya ce mutumina dogon nan ya faɗa ruwa. Sauran bayanin daga baya na ji shi a bakin mai dafa abincin jirgin dako. Jirginsu yana jan taru a ruwan masu kwalekwale, kusa da gaɓa har ana hango rufin gidaje. Ya yayyaga musu komarsu, suka taru suka kewaye shi suna jifa. Kyaftin ya ce a naɗe taru da sauri a gudu, igiya ta kwashe ƙafar Isuhu ta jefa shi ta ɗaya gefen, inda masuntan ba sa gani. Abokan aikinsa suka yi ta ihu a tsaya. Kyaftin bai tsaya ba, domin tsayawa a wurin shaida ce cewa sun shiga inda doka ta hana. Ɗan sa-idon gwamnati yana ɗakinsa yana kallon ƙwallo. Mai dafa abincin ya ce da mutum ya iya iyo ko kaɗan, da ya kai ga kwalekwalen.

Mudir ya ce, “Ka ce ya gudu. Ofishin Darakta zai tabbatar cewa ya sauka a tasha ya ɓace.”

Na ce, “Yana da mata. Dole ta yi masa takaba.”

Ya ce, “In ka ce ya mutu, gobe za a yi masa salla a masallacinku, liman ya faɗi sunansa da inda ya mutu. Wa zai ƙara zuwa wurinka? Yalla, je ka hutar da ita zaman ɗaki.”

Na je. Na same ta a bakin tanda tana juya waina. Na ce mata Isuhu ya karɓi kuɗinsa ya sauka a wata tasha, an ce ya nufi Turai. Ta dube ni kamar ba ta ji Hausa ba, ta fara jero tambayoyi, wace tasha, wa ya gan shi, me ya sa bai bugo ba. Na ga in ban toshe bakin nan ba ba za ta daina ba har abada. Sai na ƙara abin da ba wanda ya sa ni. Na ce, “Yaya, ban so in faɗa ba. An gan shi da wata mace.”

Ta ce, “Isuhu?”

Na ce, “Shi.”

Ba ta yi kuka ba. Ta kwashe wainar da ta ƙone ta zuba sabon ƙullu. Kwana biyu bayan nan ta ƙunsa lalle, ta ci ado, ta sa turare, don kada matan unguwa su ga ta karaya. Ta tattara rigunansa ta kai kasuwar gwanjo. Ta hana a ambaci sunansa a ɗakin, in ta ambata kuwa da Allah ya isa take haɗawa. 'Yarsa ta koma 'yar wanda ya gudu. Kuma ku ji abin da ya fi muni: labari ya bazu cewa ta jirginmu Isuhu ya tsallaka Turai, samari suka yi ta layi a ƙofata. Ban taɓa samun mutane kamar na wannan shekarar ba.

Shekaru suka wuce, fushin Uwani ya huce, ya bar ta a rataye. Ba ta da miji, ba bazawara ba ce. Masu so suka fito, ta ce da igiyar wani a kanta. Duk sanda ta gan ni sai ta ce, “Ƙanin miji, ba wani labari?” In ce babu. Daga baya na daina bin ta Bani Malik gaba ɗaya.

A bakin ruwan nan da na kai Isuhu aka kama ni, da mutane a mota. Da aka je kamfani, Mudir ya dubi hotona ya ce bai taɓa ganina ba. Gaskiyarsa, babu inda sunana yake. Kafin a kai ni kotu an sauke allon kamfanin an kafa wani, jiragen an sake musu suna da tuta, shi kuma ya bar ƙasar. Na zazzage wa mai bincike komai, umrar da otal ɗin da lasisin. Ya rubuta, sannan ya ce abin da aka yi a ruwan wata ƙasa sai gwamnatin ƙasar ta kawo ƙara. Na kusa yin dariya. Gwamnatin ƙasar ai na san ta, ni na riƙe mata takalmi a ƙofar Harami. Aka yanke mini hukuncin safarar mutane, ni kaɗai. Na cancanci ɗaurin, ban taɓa musu ba. Abin da ba zan yarda da shi ba har in mutu shi ne a ce ni kaɗai ne mai laifin.

A kurkuku na haɗu da wani dattijo daga irin ƙasashen nan, masunci ne tun kakanni. Kusa da ni yake salla. Ya ba ni labarin yadda ruwansu ya ƙare, a fita tun asuba a dawo da abin da bai cika kwano ba, manyan jirage suna wucewa a gabansu da rana tsaka. Sun kai ƙara har sun gaji. 'Ya'yansa maza biyu suka ɗauki kwalekwalen gidan suka nufi Turai da shi, ba a ƙara jin su ba. Ya tambaye ni me ya kawo ni, na gaya masa gaskiya, har da dabinon. Bai zage ni ba. Ya naɗe dardumarsa ya koma ƙarshen sahu, bai ƙara yi mini magana ba.

Ana cikin haka wani ya kawo mini saƙo daga mutanen Mudir, wai in na ci gaba da kame bakina a kan waɗanda suka tafi jirgi, akwai abin da za a ajiye mini in na fita. Na ce ya koma ya gaya musu su ajiye wa uwarsu. Washegari na shiga layin waya.

Lambar Uwani tana kaina. Ta ɗauka, na ji ƙarar tanda. Na ce, “Yaya, ni ne.” Ta ce, “Ƙanin miji, an ce an kama ka. Allah ya fid da kai.” Addu'a take yi mini. Na ce ta bar addu'ar tukuna ta saurara. Na gaya mata Isuhu ya rasu a ruwa tun shekarar da ya tafi. Na gaya mata babu tasha, babu Turai, babu mace, macen ni na ƙirƙire ta. Na gaya mata tambayar da nake yi wa mutane, da dalilin da ya sa na ɗauke shi. Waɗanda ke bayana a layi suna ta cewa yalla, yalla, in yi sauri, ban juya ba.

Ta ce, “A wane wata?”

Na ce, “Rajab.”

Ta ce, “A Sha'aban na sayar da rigunansa.” Ta kashe wayar.

Abin da ya biyo baya wani maƙwabcinsu ne ya gaya mini. Ta je wurin malam ta tambayi yadda za ta yi takaba. Malam ya ce daga ranar rasuwa ake lissafi, wata huɗu da kwana goma, nata ya wuce da daɗewa, babu komai a kanta. Wato kwanakin da ya kamata ta zauna tana yi wa mijinta addu'a, su ne kwanakin da ta yi da lalle a hannu tana ja masa Allah ya isa. Na kai mijinta ga mutuwa, na kuma sace mata makokinsa, kuma wannan babu kotun da ta tuhume ni a kai. Ta ce da malam ta ji, amma za ta yi. Ta kife tandarta, ta cire 'yan kunne, ta shiga ɗaki ta zauna har kwanakin suka cika, maƙwabta suna kai musu abinci. Limamin masallacin da Isuhu ya tsince ni ya yi masa sallar gawa ba gawa, ya faɗi sunansa da inda ya mutu, a gaban kowa.

Da wa'adina ya cika aka wuce da ni tarhil, aka ɗauki yatsuna, aka sa ni a jirgi da leda ɗaya a hannu. Yanzu ina ɗinki a shagon wani, a kan keken haya. Na tuba, ina kuma kan tuba, kuma na san hakkin mutane ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Akwai gidaje da yawa da har yau suke jiran waɗanda na ɗauka, ina bin waɗanda na sani ɗaya bayan ɗaya ina gaya musu abin da na sani. Wasu sun kore ni, wani ya mare ni, kuma daidai ne.

Akwai dattawan da suke ce mini in rufa wa kaina asiri, tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, in daina tone-tone. Ba zan daina ba. Shirun nan shi ne jarin su Mudir. Darakta kuwa, na ji an ƙara masa girma, har yana jawabi a kan kare ƙananan masunta, kuma ina da tabbacin bana ma wani yaro mai farar jallabiya yana riƙe masa takalmi. Su suna yawo da sunan mutanen kirki, ni ne zan ji kunya in yi shiru?

Ku samari, ga abin da zan ce muku. Ranar da aka miƙo muku takarda aka ce ku ɓare ta gaskiya ku liƙa wata, ku ajiye aikin ko da yunwa za ku kwana, daga nan tawa ta fara. Duk mai gidan da ya ƙi sa sunanku a takarda amma yake ba ku sirrinsa, ajiye ku yake yi don ranar da za a nemi wanda za a ɗaure. Kada ku zama bakin da azzalumai biyu za su yi ciniki da shi, kuna cewa ku tafinta ne kawai. Kuma in wani ɗan'uwanku mai ƙamshin turare ya ba ku shayi ya yi muku tayin aikin da ba ku taɓa ganin wanda ya je ya dawo ba, ku ajiye kofin ku tashi.

Bayan Uwani ta fita takaba na aika a roƙa mini gafararta. Amsar ta zo a saƙon murya, ba gaisuwa, ba ƙanin miji. Ta ce, “Ban yafe ba, kuma ban san ranar da zan yafe ba. Amma tunda bakinka ne ya ɓata shi, bakinka zai wanke shi. Duk inda ka zauna ka ba da labarin nan, ka faɗa musu.”

To ga shi ina faɗa, ku ma ku kai gaba. Isuhu mai wankin mota na Bani Malik bai ci amanar matarsa ba, bai bar 'yarsa ba. Bai gudu ba.